Maɗacinki Yana Zubar da Ganye

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Hajara. Na san takarda ba ta kaiwa inda kike, amma maganar nan ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Inna, maɗacinki na bakin gona yana mutuwa, kuma ni na jawo.

Kin tuna yadda kike ɓare shi? Faɗin tafin hannu daga gabas bana, baɗi kuma daga yamma, sannan ki kwaɓa laka ki shafe wurin. Kullum kina cewa, "Itace ma fata gare shi, Hajara. Kada ki yarda a zagaye shi." Da jiƙon nan mai ɗaci kika raine mu, ko zazzaɓi ko ciwon ciki.

Damina biyu ke nan gero bai yi ido ba. Masu magani suka zo daga Gezawa neman ɓawo, suka ba ni dawa. Na ce su ɗiba, na ruga gida in ɗora wa jikokinki tukunya. Ban tsaya a kansu ba. Da na dawo sun zagaye shi tas, jawur kamar an feɗe rago. Na shafa laka har hannuna ya yi kanta. Bai yi amfani ba.

Yaya Sani ya kawo mai katako daga birni. Mutumin ya ƙwanƙwasa gindin, ya ce namu na arewa gajere ne, ga nauyi ga karkata, ba kamar 'yan'uwansa na kurmi ba, dogaye sambal, waɗanda ake yi wa manya gadaje da kujeru da su. Wai namu sai ƙofa da benci da turmi. Yana ta kushewa, amma idonsa bai sauka daga kansa ba. Ya ce in aka bar shi ya bushe a tsaye zai tsattsage, sai dai makamashi. Ranar Asabar zai dawo da inji ya yanke shi.

Ina jin tsoro, Inna. Takwararki, autata, duk damina sai zazzaɓi ya kayar da ita, ga asibiti da nisa. In hatsin da za a saya da kuɗin katakon ya ƙare, me zan jiƙa mata? Ko babur na ji a hanya sai in zaci injin ne. Abin da ya fi, ina tsoron ranar da za mu haɗu ki tambaye ni amanarki.

Jiya na tsinci 'ya'yansa da suka fashe a ƙasa. Na binne guda biyar a fasasshiyar tukunya, gindin randa inda ruwa ke ɗiga. Ba su tsiro ba tukuna. Sau uku na leƙa yau.

Ki yafe mini, Innata. Allah ya jiƙanki, ya sanyaya makwancinki kamar yadda inuwar nan ta sanyaya mu. Allah ya sa ko ɗaya ne ya fito kafin Asabar.

Taki har abada,
Hajara