A Bar Mini Tsagata

Hor Al Anz, Dubai
9 ga Maris, 2019

Zuwa ga Hajiya Asama'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya gwiwar taki? Na rubuto da ajamina ne saboda bakina ba ya fitar da magana sosai a waya.

Shekara da shekaru ina faɗa miki, tun da yaran nan suka yi boko aka daina shawara da ni a gidana. Sai an gama yankewa a zo a sanar da ni kamar ɗan haya. Kullum ki ce rigimar tsufa ce. To ga inda ta kai mu.

Kin san abin da ya sa ɗanki Mubashir ya ɗauko ni daga Kano, fatar idona ce da ta sauko tana tare mini gani. Shi ya yi magana da likita da Turanci, ni ina zaune ina kallon bakinsu. Da na farka sai na tarar an yanka ni ta gaban kunne har cikin gashi, an ja fatar fuskar gaba ɗaya an ɗinke. Wai aikin da masu kuɗi ke yi don su koma yara. Ni da furfurata.

Aikin ya taɓa jijiya. Ɓarin hagu ya saki, bakin ya karkace, idon ba ya rufuwa. Matarsa Bilqis, da tsohon cikinta, ita ke ɗiga mini magani ta manne idon da filasta, Allah ya yi mata albarka. In na kurkure baki a alwala, ta gefe ruwan ke zubowa a gemuna. Likita ya ce ba tsinkewa ta yi ba, za ta farfaɗo shwayya-shwayya, wato sannu a hankali.

Na ji ana cewa a unguwa aljani ne ya mare ni. Duk wanda ya zo jaje ki gaya masa ba aljani ba ne, ɗana ne da likitansa.

Yanzu kuma tsagata suka sa a gaba. Sun sa rana a goge ta da wata wuta da suke kira leza, kafin manyan ofishin Mubashir su zo sunan abin da Bilqis za ta haifa. Tsagar Gobir da wanzami ya yi mini a gaban babana a Sabon Birni. Na ce ba inda za ni.

Ki gaishe da kowa.

Mijinki,
Dikko

Hor Al Anz, Dubai
14 ga Yuni, 2019

Hajiya,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, ina fata an yi lafiya. Waccan takardar ba ki amsa ba, sai kilishi kika aiko, alhali kin san ba na iya tauna.

Ranar lezar na sa hulata na fice ni kaɗai, na hau bas zuwa Al Buteen wajen 'yan kago, masu aika wa mutanenmu kaya gida. Ina zaune a bakin wani shago sai wani Bayarabe, Abdulganiyyu, ya hango fuskata. Bai san ni ba, amma ya taso yana kirana bawansa, wai wa ya sako Bagobiri a jirgi ba igiya. Na ce ya durƙusa ya gai da ubangidansa. Muka yi ta yi har ya sayo mini shayi. A cikin dariyar nan na ji gefen bakina ya motsa, karo na farko tun aikin. Wata da watanni ana sa ni hura balan-balan a gaban madubi, bai motsa ba.

Yanzu idon yana rufuwa kusan duka. Ina shan shayi ba ya zuba, sai in na yi gaggawa.

Da na dawo Mubashir ya yi ta faɗa, daga baya ya yi kuka. Ya ce tun yana makarantar kwana, in na je ziyara, yara ke tsokanarsa wai kyanwa ta yakushi babansa. Na tausaya masa, amma da ya gaya mini da na ba shi amsar da zai ba su. Bilqis ta sauka, namiji. Ranar suna a gaba na zauna, na gaisa da manyan nasa hannu da hannu, ba wanda ya suma.

Saura magana ɗaya. A cikin kukansa ya ce ke ma kin san da shirin jan fuskar da goge tsagar tun muna Kano, har kin ce a yi. Na ce ƙarya yake yi. Bai janye ba.

Hajiya, wannan fuskar kika gani kika yarda aka ɗaura. Ita kike kallo tun ba mu da komai sai tabarma da fitila. In duk shekarun nan kunyarta kike ji, ina so in ji daga gare ki. Kada ki kira ki miƙa wa jikoki waya su yi ta gaishe ni, kada ki turo Mubashir. An sayi tikitina na komawa gida, na ce ba zan hau ba sai takardarki ta zo. Kin sani ko ba ki sani ba? Ki amsa mini.

Ki shafa mini kan yara.

Mijinki,
Dikko Bagobiri