Baba Ya Ceci Akta

Asabar da dare, Alexandria

Yau Baba ya yi dariya, karo na farko tun rasuwar Inna. Mun fito daga gidan tarihi a Washington, sai muka tarar ana haska tsohon fim ɗin kaboyi a fili. Tun daga kiɗan jitar farko na ga yana kaɗa ƙafa. Da bos ya lallaɓo zai harbi akta, Baba ya miƙe da babbar rigarsa: "Kai, bayanka! Juyo!"

Kunya kamar in nutse. Akta kuwa ya juyo, Turawa suka ɗau tafi.

Na ce, "Baba, ba kai ka hana mu zuwa silima a Kano ba?"

Ya ce, "Ni ne. Ai da kun je, da kun same ni a layin gaba."