Hitar da na ɓoye cikin garin masara

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da 'yan'uwa masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku kai ƙarshe. Zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a Malumfashi. 'Yata ta fari ta samu shiga jami'a, kuma tun da limoniya ta kwantar da ita tana ƙarama ban sake bari ta yi wanka da ruwan sanyi ba. Makarantar ta hana hita da risho a ɗakunan kwana, har binciken kaya ake yi a ƙofa. Babanta ya ce, "Doka ce, ta saba kamar 'ya'yan kowa." Na ce to, Malam. Amma ranar da nake haɗa mata kayan abinci sai na naɗe hita a leda, na cusa can tsakiyar garin masara, na ɗaure buhu. Wa zai tsoma hannu cikin garin tuwo? Ta ce, "Umma, in aka kama ni fa?" Na ce, "Ke dai ki riƙa cirewa in kin gama." Wallahi har daɗi na ji, wai na yi dabara.

Wata safiya 'yata ta jona hitar a bokitin roba, aka ɗauke wuta, ta ruga lacca ta manta. Wuta ta dawo, ruwa ya ƙafe, bokiti ya narke, katifa ta kama. Abokiyar ɗakinta, zan kira ta Rifkatu, 'yar garin Ƙarfi, tana kwance da zazzaɓi. Da ƙyar ɗalibai suka jawo ta, amma hannayenta biyu da gefen fuskarta sun ƙone. Da yake ita kaɗai aka tarar a ɗakin, hukuma ta ɗauka hitarta ce. Ta ce ba tata ba ce, kuma ta ƙi kama sunan kowa. An ce tana samun sauƙi za ta gurfana gaban kwamiti, hukuncin kuwa kora ne. 'Yata ta kira ni tana kuka, "Umma, ni fa zan faɗa." Kun san me na ce? Na ce, "Yi shiru tukuna." Ni da nake tashin ta sallar asuba!

Na kai wa Rifkatu kunu asibiti. Mahaifiyarta ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, Ubangiji ya sāka miki. 'Yarki ce ke ba ta abinci a baki, kin iya tarbiyya." Ita Rifkatu ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa, Umma," ta juya fuska bango. Ta sani. Da ta tofa mini yawu da ya fi mini sauƙi.

In na yi magana 'yata za a kora, kuma ban san da wane ido zan kalli babanta ba. In na yi shiru, yarinyar da ita ce ta fara kaiwa jami'a a gidansu za ta koma ƙauye ba karatu, ba hannun riƙe fartanya. Ko na faɗa ma, fatarta za ta dawo? Duk sa'ad da na ɗaga hannu zan yi addu'a, nata nake gani cikin bandeji, sai in kasa roƙon komai.

Jama'a, me zan yi?