Ciyawar da Ba Ta Son Rana

Yaya Amatullah,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba, ya yara da mutanen Baure? Ni lafiya lau nake a nan dajin kudancin Kamaru, sai dai barci da ba ya zuwa sosai, kuma rigunana ba sa bushewa.

Kin ce in aiko miki da irin ciyawar da nake yi wa masu bincike reno. Yaya, ba ta da iri, ba ta fure. Wani gari ne kamar ƙura ke fita daga kan rassanta, shi ke tsirowa. Rarrafe take yi a kan jiƙaƙƙun duwatsu a bakin rafi, ganyenta ƙanana kamar ɓawon kifi, inda ta yi reshe sai ta saki saiwa.

Da na ga ta a cikin duhun itatuwa sai ta ba ni tausayi. Na ɗauki adda na yi mata sassabe yadda Baba ya koya mana, don ta sha rana. Kafin la'asar ta nannaɗe ta yi ja. Oga Cletus, shugabanmu, ya ce, "Sabiru, wannan ba gero ba ne, inuwa ce abincinta."

Bai kore ni ba, kada ki damu. Amma tun ranar nake ta zagaye, ina neman inda zan ga sama a buɗe, ban samu ba. Ita an mayar mata da inuwarta, har ta fara farfaɗowa.

Allah ya bar zumunci. Ki ce wa Baba kada ya ba kowa aron gonata bana.

Ƙaninki,
Sabiru