Ya nemi mai tsaron gida a wasan da ba shi da raga

Anti Walida, ki taimake ni don Allah kafin ranar Alhamis, domin ranar za a ce in ɗaga hannu, kuma na rasa ta inda zan ɗaga shi in zauna lafiya.

Ina karatun digiri na biyu a wata kwaleji mai zaman kanta a nan Kuala Lumpur. Kwalejin tana da ƙungiyar ƙwallon Amurka, irin wadda ba a kayar da mutum, sai dai a fizge ƙyallen da ke rataye a ƙugunsa. Ƙwallon tana da siffar gwanda, kuma da hannu ake jefa ta. Ki riƙe wannan, Anti, don a nan duk tsiyar take. Ni ce manajar ƙungiyar, ba don na iya gudu ba, sai don ni kaɗai ke zuwa a kan lokaci. Wanda yake tsara mana yadda za a kai hari, kodineta kamar yadda ake kiransa, ya gama karatu ya koma ƙasarsu. Sai aka kafa kwamitin mutum uku don zaɓen magajinsa: ni, da kyaftin ɗinmu Rayyan, da jami'in wasannin kwalejin, wani dattijo ɗan ƙasar mai suna Encik Zaid. Bara mu muka zo na ƙarshe a gasar kwalejoji, kuma an riga an gaya mana in muka maimaita, 'yan wasan kurket za a ba filin.

Mutum biyu suka nema. Na farko Sharfaddeen, ɗan ajin ƙarshe, wanda ya san wasan ciki da waje, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan. In ya gaishe ki sai ki ji kamar sadaka ya ba ki. Ya taɓa sa wata yarinya kuka a fili don ta saki ƙwallo, ya kuma ce taimakonta ya yi. Ba na son sa ko kaɗan. Na biyu Halliru, wanda shi nake so, har manyansa sun je gidanmu a Kano an sa rana bayan Babbar Sallah.

Halliru yana sayar da wayoyi a unguwar kasuwar Masjid India, yana nema wa sababbin ɗalibai ɗakin haya, sannan ya yi rajistar wata difloma a kwalejinmu, ko da yake malaman ba za su gane shi ba in sun haɗu a hanya. Mutumin kirki ne, wallahi. Duk ɗalibin da ya kwanta asibiti, Halliru ne zai fara isa da abinci a leda. Amma in ya zauna a mamak, wato shagunan shayin nan da ake kallon ƙwallo, babu kocin Ingila da bai kora daga aiki ba. Ranar da ya ji ni a waya ina maganar kodinetan ƙwallo, sai ya ajiye cokali. Kalmar ce ta kama shi. A gida kodineta shi ne mai doguwar hula da motar kamfe.

Na ce masa ba irin ƙwallon da ya sani ba ce. Ya yi dariya, ya ce ƙwallo ai ƙwallo ce, in bar wa maza abinsu. Na ce to, na ci gaba da shan shayina.

Washegari ya sami Encik Zaid a ofis ya ce yana son kujerar. Shi kuwa dattijon nan da kalma ɗaya yake aikin ofis gaba ɗaya: boleh. A harshensu tana nufin zai yiwu. A bakinsa tana nufin na ji ka, ko sai mun gani, wani lokacin ma tashi ka ba ni wuri. Duk wanda ya shekara a garin nan ya san haka, har da Halliru, don shi ma da ita yake sallamar masu neman ɗaki. Amma wannan karon sai ya ga dama ya fassara ta da an ba ka. Kafin la'asar sunansa a WhatsApp ya koma Kodineta Halliru. Kafin magariba hotonsa da babbar riga ya shiga zauren danginsu ana ta Allah ya sanya alheri. Hajiyarsa ta kira ni da kanta, ta ce ta ji abin a hannuna yake, ta yi ta sa mini albarka, ta ce tun yanzu ta ga irin matar da zan zama.

Jiya aka kira su ganawa. Sharfaddeen ya yi bayani mai kyau, ya kuma yi shi kamar yana magana da 'yan firamare. Sai Halliru ya shigo da sabuwar rigar wasanni da usur a wuya. Ya zana raga a kowane gefen allo, ya jera 'yan baya da 'yan tsakiya da 'yan gaba, ya juyo ya tambayi Rayyan wane ne mai tsaron gidanmu, kuma yana iya kama fenareti. Wasanmu ba shi da raga, Anti, balle mai tsaronta. Ƙwallon tana kan tebur a gabansa, ina jin ya ɗauka kayan adon ofis ne. Ya ƙara da cewa abin da zai fara hanawa shi ne taɓa ƙwallo da hannu, don ya sami labarin 'yan wasanmu sun saba da wannan mugun hali. Tari ya sarƙe Rayyan har sai da ya fita neman ruwa. Encik Zaid ya gyaɗa kai ya ce boleh.

Rayyan Sharfaddeen zai zaɓa. Encik Zaid ya ce duk inda na yi nan zai yi. In na zaɓi Halliru, yaran da ke atisaye cikin rana da ruwan sama za su rasa filinsu, kuma a ranar farko bidiyonsa zai zagaye duniya. In ban zaɓe shi ba, ban san me zan tarar ba.

Da kowa ya watse, Halliru ya tsaya yana goge allo yana murmushi. Ya ce shi bai damu da ƙuri'ar bare ba, tawa yake jira, domin macen da ba ta tsaya wa mijinta a gaban 'yan ƙwallo ba, ba za ta tsaya masa a gaban duniya ba. Na dubi fuskarsa in ga ko wasa yake. Ba wasa yake ba. Na ɗauki jakata, na ja ƙofar a hankali, na nufi tashar jirgin ƙasa.

Taki, Manajar da ta rasa bakin magana, Kuala Lumpur

'Yata Manaja,

Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, kuma ina zargin ke ma kina yi a ciki tun ranar da kika ce to kika koma wa shayinki. Daga nan zan fara. Kin faɗa masa sau ɗaya, ya gwasale ki, sai kika ja gefe kina jiran ki ga inda zai faɗi. Ga waya a hannunki, ɗan gajeren bidiyo ya isa ya kashe maganar tun a teburin. Kina da ido, kin ga usur, kin ga babbar riga, ba abin da ya wuce ki. Amma mutumin da za ki aura ba abin kallo ba ne.

Shi ma ba zan wanke shi ba. Duk tsawon lokacin da kike manajar ƙungiyar nan bai taɓa leƙawa ya ga abin da kike yi ba, amma ya tabbata zai iya shugabantarsa. Wannan ya fi zanen raga damuna.

Game da ƙuri'a, Sharfaddeen za ki zaɓa. Ƙuri'ar amanar yaran ce, ba kayan lefe ba ce. Sai dai kwamiti ya gaya masa tun farko cewa ranar da ya sake sa wani kuka a fili, kujerar ta tashi daga ƙarƙashinsa. Kada kuma ki ce za ki janye daga kwamiti. Ranar da Halliru ya nemi kujerar ya kamata ki janye. Yanzu in kin yi, gudu ne kawai, ki bar hukunci a hannun dattijon da bai iya cewa a'a ba.

Kafin Alhamis ki sami Halliru shi kaɗai, nesa da abokansa na mamak. Ku je cin abincin rana a unguwar Kampung Baru, ki ɗauki ƙwallon a jaka, ki sa masa ita a hannu, ki kunna masa wasanku na bara. Ki ajiye murmushin nan naki a gida. Ki gaya masa kai tsaye ba za ki zaɓe shi ba, sannan ki bar masa hanyar fita da mutuncinsa: ya janye da kansa, ya ce harkar shago ba za ta bar shi ba, wanda dama gaskiya ne. Hajiya kuwa shi zai yi mata bayani, tunda shi ya kai mata labarin. In sarautar ce ke ransa, ku naɗa shi kodinetan walwalar 'yan wasa. Zai iya aikin fiye da kowa, kuma a Kano ba mai tambayar kodinetan me.

Zai ji kunya, zai yi fushi, ki bar shi ya huce. In ya dawo yana dariyar kansa, kin sami miji. In kuwa ya dawo yana nan a kan cewa ƙauna ita ce ki ɗaga hannu a kan abin da ku biyun kuka san ba gaskiya ba ne, to ki kira mahaifiyarki ki ba ta labarin nan yadda kika ba ni, amma ban da barkwancin, tun kafin a kai anko wajen tela.

Allah ya bar muku filinku, ya kuma zaɓa miki abin da ya fi alheri.

Anti Walida