Marigayi Obadiah Yana Neman Matuƙa

Tsibirin Hatch, Maine, Afrilu 1854

Zuwa ga 'yata Keziah,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ɗinkin Boston bai cinye miki yatsu ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, hunturu biyu na yi a makaranta, ɗayan ma ɗumin murhu na je ji.

Ina sanar da ke cewa na mutu. Kin tuna Mista Penhallow, mai zanen da ya sauka gidanmu bara? Ya roƙe ni in kwanta a rairayi kusa da jirgina, in saki jiki. Na ɗauka hutun masunci zai zana, har munshari na ba shi kyauta. To an buga zanen a takarda, Enoch ya sayo ya manna a shagonsa. Ga sama baƙi ƙirin, ga igiyar ruwa ta fi cocinmu tsawo, ga jirgina a kife da sunan uwarki a jikinsa, ga mata suna kuka, ga ni gawa. Gemuna ne, har facin gwiwar wandona bai manta ba.

Kin san mutanenmu, ba sa shiga jirgin wanda aka gani a mace. Zebulon da 'ya'yansa da ke yi min tuƙi sun gudu. Kifi ya shigo, kowa ya fita, ni ina gyaran tarun da bai yage ba. Matar Enoch ta kawo min wake kamar gidan makoki. Na cinye.

Ki bincika min ko mutumin zai dawo bana.

Mahaifinki, marigayi Obadiah

Boston, Mayu

Baba,

Ina gaishe ka cikin ladabi. Na je na ga zanen a zauren da aka rataye shi. Wata mai hular gashin tsuntsu ta tsaya a gabanka tana cewa masunta sun iya mutuwa mai kyau. Na wuce abina.

Mai zanen zai zo a Yuli. Baba, na san ka, idan wasanka ya yi yawa, ranka ne a ɓace. Don Allah kada ka yi abin da zai kai ka gaban alƙali.

'Yarka mai biyayya, Keziah

Tsibirin Hatch, Yuli

Keziah 'yar albarka,

Gaisuwa. Ya iso, ya rungume ni, wai fuskata ta sa Boston kuka. Na gaya masa fuskar ta hana ni fita teku, ya yi dariya, ya ce camfin ƙauye ne. Ni ma na taya shi dariyar.

Yanzu Baƙin Dutse, wanda ke can cikin teku, yake so, ya zauna a kai ya zana tsibirin. Na nuna masa yadda ake takawa da ƙafa idan ruwa ya janye. Ya tambayi yaushe ruwan ke dawowa, na ce ina jahili irina zai sani? Na dai ba shi shawarar Lahadi, ranar da babu mai damunsa. Ranar ce kuma kowa ke jan jirginsa kan tudu. Nawa kaɗai zai kwana a ruwa.

Kada ki damu da alƙali. Ba a gurfanar da matattu.

Babanki

Tsibirin Hatch, Litinin

Keziah,

Gaisuwa a gurguje. Mista yana da rai. Muna fitowa daga coci aka hango shi, ruwa har ƙirji, yana kiran uwarsa. Na zauna a jirgina na cusa taba a lofe. Zebulon ya dubi nasa a kan tudu, ya dubi nawa, ya zage ni tas, ya faɗo ciki da 'ya'yansa. Da gashi na jawo Mista. Akwatin fentinsa yana wajen kifaye.

Mun dawo kowa da ransa, gari duka yana kallo. Gobe da asuba za mu fita da su Zebulon.

Mista yana cikin bargona yana rawar ɗari, wai zai zana yadda na cece shi. Na ce, "Zana mana, ranka ya daɗe. Ruwan nan kullum yana dawowa."

Mahaifinki, Obadiah