Abin da ke tsayar da mota a tashar garinmu

Zuwa ga mai girma Magajin Gari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da iyali, da sabon tumbi. Kakarka Ta-Allah ƙawata ce tun muna 'yan mata, saboda haka kai mijina ne, ka zauna ka saurara.

Ga kacici-kacici tukuna. Mene ne ba shi da hannu, ba shi da usur, bai taɓa sa kaki ba, amma yana tsayar da babbar mota cike da mutane, direba ya sauko yana godiya? Riƙe shi a ranka.

Na ɗaya. Tun kafin a haife ka nake sayar da kwaɗon zogale a tsohuwar tasha, bakin hanyar Damagaram zuwa Agadas. Da azahar motoci ke tsayawa. Fasinja su yi alwala a gefena, su yi salla, sannan su waiwayi ciki. Matan ƙauyen Falanko na kawo dafaffen ƙwai, Buzaye na kawo cuku, kowa ya koma gida da na hatsi. Da wannan kwano nake ciyar da marayun ɗana.

Na biyu. Bara bayan kaka kuka gyara tasha. Baƙon da ya zo buɗewa ya ce za ta zame mana kamar tashar jirgin ruwa ga mutanen bakin teku. Ban taɓa ganin teku ba, tabkinmu ma ba ya kai bazara, amma na rangaɗa guɗa har muryata ta dushe. Gini ya yi kyau, ba na ƙarya: katanga, shaguna, siminti kamar ka lasa.

Na uku. Washegari mai gadi ya ce in kwashe tarkacena, wai wurina na jiƙa siminti yana kawo caɓi. Ya nuna mini famfo sabo fil, wai nan za a riƙa alwala. Famfon nan, mijina, tun ranar buki bai sake ɗigo ba. Na kwashe ban yi musu ba, don na ɗauka daɗin kwaɗona ke tsayar da direbobi, ko ragowar kyauna. Na ce ko ina na zauna za su biyo ni.

Ba su biyo ni ba. Yanzu sai su ɗaga mini hannu su wuce, su yi sallarsu can gaba a bakin wata rijiya. Shagunanka a rufe, awaki na kwana a inuwarsu. Matan Falanko sun daina zuwa. Babbar jikata ta fara zancen tafiya Agadas aikatau, kuma ba ni da abin da zan hana ta da shi.

Roƙona kaɗan ne. Ba na son shago, gwiwata ba ta hawa matakala. A ba ni gefen ƙofa in maido kayana duka, a zuba yashi ya shanye jiƙar. A yi shi kafin yarinyar nan ta ɗaure ƙunshinta.

Allah ya yi maka jagora, ya raba ka da masu ce maka komai lafiya lau, ya jiƙan Ta-Allah.

Wassalam.

Matarka ta fari,
Iya Hajo mai kwaɗo

Amsar kacici-kacicin: randa ce cike da ruwan alwala, da butoci a gindinta. Tun ranar da na kwashe tarkacena tana bayan ɗakina a kife, kaza na ƙwai a gefenta.